Zuwa ga Bazazzagin da Ya Ci Devon da Yaƙi a Kan Keken Haya

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na Kano yana gaishe ka. Yaya baƙunta, yaya sanyi, yaya kuma gwiwoyi? Na ajiye gwiwoyi a ƙarshe ne don a kansu maganar take.

Labari ya iso mana cewa tun da ɗanka likita ya kai ka Ingila ka huta, ka ƙi hutawa. Wai ka zama gwanin keke. Saƙon muryar da ka aika wa mutanen Tudun Wada ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya faɗo Kano, inda ake juya kaya a duba gindinsa kafin a taya. Na ji ka kana haki kana ba da labarin yadda ka keta gaɓar teku, ka bi kwarin kogi har biyu, ka ratsa ta cikin dutse, ba ka sauka ka tura ko sau ɗaya ba. Har da cewa Turawa suna ta ɗaga maka hannu. Malam, kowa suke ɗaga wa. Karen da ke bin hanyar ma ana gaishe shi.

Rashin sa'arka guda ce: na san hanyar. Na taka ta da feda tun kana zaton hular kwano ta sojoji ce kaɗai. Saboda haka gyara zama in karanta maka abin da ka hau, tunda ku mutanen birnin ilimi ba ku ƙi a karantar da ku ba, in dai ba a gaban ɗalibai ba ne.

Sunanta Tarka Trail, a arewacin gundumar Devon, can kudu maso yammacin Ingila. An ba ta sunan wani karen ruwa ne na cikin littafin da Henry Williamson ya fitar a 1927, dabbar da ta yi rayuwarta tsakanin kogin Taw da kogin Torridge. Duka zagayen ya kai mil 180, amma yawancinsa na masu tafiya a ƙasa ne. Rabon mai keke, inda mota ba ta sa ƙafa, mil 30 ne da 'yan kai, daga Braunton ta Barnstaple da Instow da Bideford da Torrington zuwa wani ƙauye da ake kira Meeth. Ɗanka, wanda ya gaji gaskiya ta wajen uwa, ya ce daga Barnstaple kuka tashi, a tsohuwar tashar Torrington kuka tsaya, wajen mil 14 ke nan, kuma surukarka ce ta zo da mota ta kwaso ku, kekuna a ɗaure a baya. Wannan ɓangaren bai shiga saƙon murya ba. Wataƙila kati ne ya ƙare.

To, ka tambayi kanka me ya sa ƙasar da ko'ina tudu ne da kwari, wadda motar ɗanka ke nishi a lungunanta, ta shimfiɗa maka hanya sumul ba hawa ba gangara? Ba ganin furfurarka aka yi ba. Layin dogo ne. Ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da riƙo, in tudu ya tsananta sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Hawan taku ɗaya cikin taku 100 ma direban jirgi mai kaya yana jin sa a jikinsa. Dole injiniya ya nemi inda ruwa ya riga ya daidaita ƙasa, wato bakin kogi. Inda dutse ya tare a fasa shi ko a huda, inda kwari ya buɗe a cike shi ko a ɗora gada. Leburori suka yi wannan da diga da shebur da baro. Jirgi ya isa Bideford a 1855, ya kai Torrington a 1872. Kakanninmu da aka kwasa aikin diga lokacin da dogo ya nufo Zariya da Kano a 1911 sun san ɗanɗanon irin wannan gumi. Leburorin Devon sun gama hawan tudun tun kafin a haifi kakanka, kai ka zo ka tarar da shimfiɗa kana neman a yi maka kirari.

Yadda dogo ya koma hanyar keke kuwa, farkonsa asara ce. Motoci suka yi yawa, jirage suka koma cin kuɗi ba sa mayarwa, gwamnati ta ɗauko Dokta Richard Beeching ya duba. Rahotonsa na 1963 ya ce a rufe tashoshi fiye da 2,300 da layuka wajen mil 5,000. A 1965 aka daina ɗaukar fasinja zuwa Bideford da Torrington. Jiragen madara da na farin yumɓu suka ci gaba da lallaɓawa, har na yumɓun ma suka tsaya a 1982. Aka kwashe ƙarafa, ciyawa ta rufe. Abin da ya ceci hanyar shi ne ba a yanka filin fuloti-fuloti an sayar ba. Hukumar gundumar ta saye shi a dunƙule, ta gyara gadoji, ta zuba kwalta. A can Bristol kuma wasu 'yan sa-kai da suka haɗa ƙungiya a 1977, wadda daga baya ta zama Sustrans, sun riga sun gwada abin a kan mataccen dogon Bristol zuwa Bath, mil 13, jama'a suka yi caa a kai. A 1995 aka ba su fiye da fam miliyan 40 daga asusun cacar ƙasa don su ɗinke irin waɗannan hanyoyi su zama tsari ɗaya. Shuɗɗan allunan nan masu lamba a cikin jan gida, waɗanda ka yi ta jingina da su ana ɗaukar ka hoto, na wannan tsarin ne. E, kuɗin caca. Malamin Zazzau jingine da allon kuɗin caca yana murmushi. Ban faɗa wa kowa ba, sai masu karanta wannan shafi.

Amma bari in ba ka gaskiyarka, tunda ba ta da yawa ba za ta ci mini wuri ba: wurin ya isa a yi santinsa. Daga Fremington, tsohuwar matsayar da jiragen ruwa ke sauke kwal su ɗauki yumɓu, hanya tana bin bakin ruwa ba ta rabuwa da shi. Teku a nan tana kutsowa cikin kogi sau biyu tsakanin dare da rana, ta kuma janye. In ka wuce da hantsi ruwa ya janye, sai ka ga filin laka mai sheƙi iya ganinka, ƙananan jiragen ruwa kwance a kan haƙarƙarinsu, igiyoyinsu a sake, zalɓe tsaye a ɗan siririn ruwan da ya rage, wasu tsuntsaye masu dogon baki lanƙwasasshe suna caka laka suna zaro tsutsa. Ka dawo da la'asar, babu laka babu fili, jiragen nan duk sun miƙe suna rangaji. An ce da aka nuna maka haka ka tambaya ko dam aka buɗe. Wanda babban ruwansa Kubanni ne, ba a kama shi da laifi ba.

A Instow kogunan biyu suke haɗuwa kafin su faɗa teku. Ɗakin sigina na shekarun 1870 yana nan a bakin mararraba, fes da fenti, da sandunan ƙarfen da ma'aikaci ke ja ya ba jirgi hanya, an bar ɗan guntun dogo a gabansa don yara su san abin da ya taɓa wucewa. Tsallaken ruwa Appledore ce, garin maƙera jiragen ruwa. Gaba kaɗan Bideford da tsohuwar gadarta mai baka 24, kowace da nata faɗin. Daga nan hanya ta rabu da iskar gishiri ta shige kwarin Torridge, itatuwa sun haɗa kai a sama, ta tsallake kogin ta sake tsallakewa, har a hango tsohuwar gadar da ta taɓa ɗaukar ruwan kanal a kan kogi. A wannan tsakanin ne ramin Landcross yake, wanda ka ce ka ratsa dutse. Akwai fitilu a ciki, Malam. Yara 'yan firamare suna shiga suna ihu don su ji muryarsu ta dawo.

Abin da ya fi ruwan da itatuwan a wurina shi ne rashin mota. Ba hon, ba mai buɗe ƙofa a gabanka ba zato, ba tirela tana huci a ƙeyarka. Kunne yana hutawa har ka ji ƙarar sarƙarka da shafar taya a kwalta. Shi ya sa za ka ga mutanen da ba za su taɓa hawa titi ba: tsohuwa tukuf da kwandon furanni a gaban kekenta, uba yana jan ɗan akwati mai taya biyu jariri na barci a ciki, yarinyar da jiya aka cire wa ƙananan tayoyin koyo tana tafe tana layi uwarta na bin ta da ido kawai, mai keken guragu, mai kare, mai gudun motsa jiki. Ba fagen nuna jarumtaka ba ne. An yi hanyar ne musamman don wanda ba jarumi ba, shi ya sa ta karɓe ka hannu biyu. Ƙa'idarta ma kaɗan ce: ka riƙe hagu, ka rage gudu in ka cim ma masu tafiya, ka kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, in an kauce ka yi godiya. An ce kai tun daga Barnstaple babban yatsanka bai bar ƙararrawa ba, ka mayar da bakin Taw Kwangila.

Yanzu mu zo kan hoton. Na sa jikana ya buɗa mini shi da yatsu biyu. Ga ka nan, hular kwano a ɗore kan zanna, ƙafar wando a cuse cikin safa, riga an naɗe an ƙulle a ƙugu. Duk na yafe, baƙo ne kai. Amma mene ne wancan baƙin abu mai kauri da ke manne a jikin ƙarfen keken, ƙasa da sirdi, da 'yar koriyar fitila a gefensa? Batir ne, bawan Allah. Keken lantarki ka hau. Dokar ƙasar ta yarda da shi, ba a neman lasin: ɗan inji mai ƙarfin wat 250, yana tura mai taka feda har gudun mil 15 da rabi a awa, daga nan ya sake shi. Wato kai kana juya ƙafa don kada a ce ba ka yi komai ba, shi yana aikin. Hakin da muka ji a saƙonka fa? Ɗanka ya ce na hawan matakalar gidan shayi ne.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na san ka da keke tun ba yau ba. Baƙin Rali, mai kariya da famfo da madubi biyu, da ɗan tsumman da kake sokewa a ƙarƙashin sirdi don goge ƙura. Kamfanin Raleigh na Nottingham ya cika ƙasar nan da shi, har ya kafa masana'anta a Kano, don ya san inda kasuwa take. A wancan zamani mai Rali ba ya rasa matar aure. Amma da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo, ka haɗa da bashin mota, sai ka jingine shi a zaure, kaji suka mayar da shi wurin kwana. Tun daga ranar, in ka hango malamin makaranta a kan keke sai ka rage gilashi ka yi masa addu'ar Allah ya buɗa. Yau ga shi ka ƙetare hamada da teku, ka zaro fam, fam fa, don a ba ka aron abin da ka bar wa kaji. Kuɗin hayar yini ɗaya, in aka kai shi Wapa aka canza, ya isa a yi wa tsohon Ralin taya biyu da tif da sarƙa, mai faci ya sami na goro.

Ban ga laifinka duka ba, in za a bi gaskiya. Duk wanda ya taɓa taka keke daga Samaru zuwa Sabon Gari tsakanin tanka da tirela ya san ba girman kai kaɗai ke sauke mutum daga sirdi ba, har da son a kwana da rai. Turawan nan ba su fi mu ƙarfin zuciya ba. Ka sa tsohuwar nan mai kwandon furanni a titin Kano zuwa Zariya, ko mil ɗaya ba za ta yi ba. An raba ta da mota ne kawai, sai ta fito.

Na ji kuma kun tsallaka kogin Tamar zuwa Cornwall kun taɓa Camel Trail, mil 18 daga Wenfordbridge ta gefen Bodmin da Wadebridge zuwa Padstow a bakin teku. Wannan ta girmi ta Devon. Dogon Bodmin da Wadebridge a 1834 aka buɗe shi, kuma ka san kayan da aka gina shi don ya ɗauka? Yashi. Yashin bakin ruwan wurin cike yake da garin ɓawon katantanwar teku, ƙasar gonakin tudu kuma tsami gare ta, sai manoma su watsa shi ya kashe tsamin. Jirgi ya hau da yashi, ya sauko da dutsen gini, daga baya da farin yumɓun da ake yin tangaran da shi. Sai a 1899 dogo ya kai Padstow, garin masunta, inda jirgin da ya taso daga tashar Waterloo ta Landan yake ƙare tafiyar kusan mil 260. An rufe wa fasinja a 1967, jirgin yumɓu na Wenford ya ja har 1983.

Mil 5 da rabi na Wadebridge zuwa Padstow su ne jama'a suka fi cika, da gadar ƙarfen nan mai gaɓa uku a kan rafin Little Petherick, inda kowa ke tsayawa ya tare wa na baya hanya yana ɗaukar hoto. A nan ne na ga abin da ya taɓa zuciyar Bakano. Dogon da aka rufe don ba ya kawo kuɗi, yau gawarsa ce ke ciyar da masu hayar keke da masu shayi da masu masauki da masu soya kifi. Shiga kyauta ne, ba shinge ba mai yankar rasit. Kuɗin a gefen hanya yake zuba. Mai keke yana jin yunwa duk bayan 'yan mil, kuma ba ya wuce shago da gudun da zai hana shi jin ƙamshi. Mai mota kuwa sai dai ya bar maka ƙura. Na san wannan lissafi ya fi ƙarfinka, ku da kuka iya rubuta littafi a kan kasuwa amma ba ku iya sayar da littafin ba.

A tsakiyar Wadebridge hanyar tana katsewa, dole a bi titin gari na 'yan mintuna tare da motoci. An ce da kuka taso ta wajen Bodmin, nan jarumin Zazzau ya sauko ya kama kan keke yana turawa, bakinsa yana motsi. A Padstow kuma ka sayi kifi da soyayyen dankali a takarda, ka zauna a bakin matsayar jiragen ruwa, ka ɗaga kifin sama kana nuna wa waya. Akwai alluna da ke gargaɗi a kan fararen tsuntsayen tekun nan, ba don ado aka kafa su ba. Ɗaya ya zo ta bayan kafaɗarka, fiffikensa ya share maka kunne, ya bar ka da takarda da dankali da buɗaɗɗen baki. A duk tafiyar, wannan ne kaɗai abin da ya cancanci saƙon murya, shi ne kuma ka ɓoye.

Da ka lura, da ka ga mutanen gundumomin nan biyu Kanawa da Zage-zagi ne. Kogi ɗaya ya raba su, ba mai raga wa wani. Babbar rigimarsu a kan ɗan dunƙulen burodin da ake ci da shayi take: mutumin Devon ya fara shafa kakkauran man madara sannan ya ɗora jam, na Cornwall ya fara da jam ya ɗora man a sama, kowa yana rantsuwa ɗayan bai iya ci ba. Har burodin nan da ake naɗe nama da dankali da albasa a ciki, wanda Cornwall ta yi wa sunansa rajista a Tarayyar Turai a 2011, mutanen Devon suna cewa nasu ne, wai akwai shi a wata tsohuwar takardar lissafi ta Plymouth. Wanda ya yi rajista ya kai kasuwa, shi ne Bakanon. Mai yawo da tsohuwar takarda yana neman wanda zai karanta wa, kai ma ka san ko wane ne.

Sai maganar da ta sa na ji kunya a madadinka. Wai a Torrington ka tambaya ko za ka yi ƙasaru. Kai da ka tashi a zauren malamai! Mil 48 ake nema a wurin Malikawa. Ko ka bi hanyar tun daga Braunton har Meeth ba ka cika ba, balle mil 14 a kan batir. Rana kuma a watan Yuni ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 9 na dare, ba ka da uzurin ƙurewar lokaci. Cika sallarka.

Da kake cewa ka je Torrington ma, tasha ka je. Garin yana can bisa tudu, wajen mil guda, hawa mai sa mutum ya tuna Mahaliccinsa. Jirgi bai iya ba ya tsaya a ƙasa, kai ma ka bi sunnarsa. Gaba da tashar kaɗan kwalta take ƙarewa, tsakuwa ta karɓa, hanya ta fara hawa a hankali cikin kurmi, domin wannan ɓangaren asalinsa ƙaramin dogon masu haƙar yumɓu ne da aka faɗaɗa a 1925, ba a kashe masa kuɗin fasa tudu sosai ba. Nan jama'a ke raguwa, shagunan shayi su yi nisa da juna. Nan ne kuma ka ga ya kamata a kira surukarka.

Kada ka ɗauka kowa a can murna yake yi. Bideford gari ne babba da ba shi da jirgi yau, kuma akwai masu fafutukar a mayar da dogo tsakaninsa da Barnstaple, musamman da suka ga an sake buɗe na Okehampton a 2021 mutane sun cika shi. Mai sammakon zuwa aiki a sanyin Janairu ba ruwansa da zalɓe. Ni ina ganin suna da hujja. Amma riƙe filin a dunƙule ne ya sa har ake da abin yin gardama a kai. Da an bari an gina gidaje, da ba keken ba jirgin.

Wannan ya kawo ni ƙofar gidanka. Zariya ma ta taɓa yin ƙaramin dogo. Daga tasharku ya tashi, faɗinsa ƙafa 2 da rabi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau tsaunin Jos har Bukuru, an gama shi a 1914 don jigilar kuza. An rufe shi a 1957, shekara 10 cif kafin na Padstow. Wato kun riga Turawan samun mataccen dogo. Kawunan jirgin suna gidan tarihi na Jos yara na kallo. To ina hanyar keken? Ga kogin Galma, ga gonakin rake, ga duwatsu, ga jami'a tun 1962 cike da injiniyoyi da masu tsara birane. Na san amsarka: da a hannun Kanawa ya faɗa, da tuni an yanka shaguna an ba da haya. Ƙarya kake, amma ba duka ba. Mu dai muna da bakin kanal na Kadawa da Kura, inda manomi ke ɗora kwandon tumatir a kariya ya bi gefen ruwan Tiga, ba hular kwano ba batir, bai kuma taɓa aika wa kowa saƙon murya a kai ba. Na kuma san irin wannan hanya sai da zaman lafiya, yau ba mai sakin jikansa a daji a kan keke. Wannan ba abin wasa ba ne, Allah ya kawo mana sauƙi. Mu koma kan gwiwoyinka.

In kana son Kano ta yarda ka hau keke, ga aiki. Hanya mai lamba 27 ta taso daga Ilfracombe a gaɓar arewa ta sauka Plymouth a gaɓar kudu, mil 99, wajen 70 daga ciki ba mota. Farkonta ma dogo ne, amma irin wanda injiniya ya rasa kogin da zai bi: hawan taku ɗaya cikin 36 daga bakin tashar Ilfracombe, inda a da ake haɗa kan jirgi biyu su ja kaya mai nauyi, har aka rufe shi a 1970. In ka tsira, ka gangara Braunton ka bi Tarkarka da ka sani har ƙarshenta. Daga nan zuwa Okehampton ba dogo, ƙananan titunan ƙauye ne masu shingen ganye da tudu bayan tudu. Sai gadar Meldon ta 1874, zallan ƙarfe, wajen ƙafa 150 a kan kwari, iskar tsaunin Dartmoor tana kaɗa riga. Ka tura zannar cikin aljihu, kada kuma ka leƙa ƙasa. Daga Tavistock ka bi kwarin kogin Plym har ka ji warin gishiri. Mil 99 ya haura 48, ka ga a nan ƙasarunka ta halatta, ba sai ka tambayi kowa ba.

Sharaɗi biyu ne. A cire batir a gaban shaidu, kuma kada a sa Bazazzagi a cikin shaidun. Ɗanka ya ɗauki keken hoto ta dama da ta hagu, kada wani ya tsaya a gabansa da babbar riga.

Na san watan cika-ciki na kamawa za ka aiko neman kuɗin shara, yadda bawa ya saba yi wa ubangidansa. Bana babu. Wanda ke hayar keke da fam ya fi ƙarfin nairata. In hoton Meldon ya iso, kai a kan sirdi ba a gefensa ba, zan biya har da na bara. A gaida likita, a ce masa ya tanadi man zafi.